Furen Okid a Ƙasar Hunturu: Saye da Kulawa a Samaru da Sabon Gari

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya shafi wani tsiro na ado da ya fara leƙowa cikin gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Samaru da Sabon Gari, wato furen okid, wanda akan kai wa amarya ko wanda ya tare a sabon gida a matsayin kyauta, ko kuma mutum ya ga hotonsa a waya ya sa a aiko masa daga Abuja ko Legas. Abin da aka fi gani shi ne furen ya iso da kyansa, ya yi wata guda ko biyu yana ƙawata falo, daga nan furannin su zube, ganyen ya yi yaushi, mai shi ya ƙara masa ruwa saboda tausayi, kafin a ankara an kai shi bola, an kuma yanke hukuncin cewa shukar Turawa ce da ba ta rayuwa a ƙasar Hausa. Wannan hukunci bai yi adalci ba, domin ire-iren da ake sayarwa 'yan ƙasashe masu zafi ne, kuma danginsu na nan a dazuzzukan Nijeriya tun fil azal. Abubuwa biyu ne suke kashe su a nan: ana yi musu irin kulawar da ake yi wa shukar ƙasa alhali saiwarsu iska take nema, sannan ana bin shawarar da aka rubuta don ɗakunan Turai ba tare da an dubi hunturu da bazara da daminar Zariya ba.

Okid sunan babban dangi ne, wanda masana tsirrai suka ƙididdige ire-irensa na asali har kimanin 28,000, ban da dubun dubatar da manoman furanni suka samar ta hanyar haɗa iri. Mutane da yawa sun taɓa ɗanɗana amfanin wannan dangi ba tare da sun sani ba, domin banila, ƙamshin nan da ake sa wa kek da ayis-kirim, daga 'ya'yan wani okid mai yaɗo ake samunsa, wanda asalinsa ƙasar Meziko ce, yanzu kuma Madagaska ce kan gaba wajen nomansa. Sai dai waɗanda ake sayarwa don ado a tukunya ba su wuce 'yan kaɗan ba, kuma biyu ne suka fi yawa: Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye mai kauri da fure mai fasalin buɗaɗɗun fukafukai, wanda asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne kamar Filifin da Indunusiya, sai kuma Dendrobium, mai tsayayyun karare masu gaɓa-gaɓa, wanda ƙasar Tailan ta yi fice wajen nomansa da fitar da furensa waje.

Mabuɗin fahimtar waɗannan tsirrai shi ne sanin inda suke zama a daji. Ba a ƙasa suke tsirowa ba, a jikin bishiya suke maƙalewa, a reshe ko a mararrabar rassa, inda ruwan sama zai jiƙa su ya wuce, iska ta busar da su cikin 'yan sa'o'i. Manomin Zazzau zai iya cewa ai kauci ke nan, to amma akwai bambanci mai girma, domin kauci yana cusa kansa cikin naman kaɗanya ko ɗorawa yana tsotsar ruwanta har ya raunana ta, shi kuwa okid mazauni kawai yake nema a wurin bishiya, abincinsa daga ruwan sama da raɓa da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a kusa da shi yake samu. Saiwarsa mai kauri ce, kuma tana lulluɓe da wata fata mai shan ruwa wadda masana ke kira belamen, wadda take fara-fara mai ƙyallin azurfa idan ta bushe, ta koma kore shar da zarar ta sha ruwa. Wannan sauyin launi shi ne mafi amfanin abin da mai okid zai koya, domin da shi tsiron ke nuna ko yana bukatar ruwa ko a'a. Idan aka binne irin wannan saiwa a cikin jar ƙasa ko yumɓu, ko aka bar ta kwance cikin ruwa, numfashinta yakan toshe ta ruɓe, kuma tun da ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya kai ruwa ga ganye, ganyen yakan yi yaushi tamkar na tsiron da ƙishirwa ta kama, abin da ke yaudarar mai shi ya ƙara zuba ruwan da tun farko shi ne ya jawo ɓarnar.

Afirka ta Yamma tana da nata rabon a cikin wannan dangi. Akwai Ansellia africana, mai fure ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa irin na fatar damisa, wanda ke yin babban cunkus a jikin bishiyoyi a sassa da dama na nahiyar, an kuma raɗa masa wannan suna ne a 1844, lokacin da masanin tsirrai John Lindley na Ingila ya karrama John Ansell, ma'aikacin lambun da ya biyo tawagar Turawan da suka hau kogin Kwara a 1841, wanda ya samo shi a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta ƙasar Ikwatoriyal Gini a yau. Akwai kuma jinsin Eulophia, waɗanda su a ƙasa suke zama, suna ɓoye tushensu duk tsawon rani, sai farkon damina su fitar da dogon kara mai furanni a tsakiyar ciyawa, wasu tun kafin ganyensu ya fito. Tsaunukan Jos da Mambila da Obudu sun fi filayen Arewa yawan ire-ire saboda sanyi da laimarsu. Duk da haka, bai kamata sha'awar ado ta kai mutum ga ɓamɓaro okid daga bishiyar daji ko tono shi daga fadama ba, domin tsiro ne mai jinkirin hayayyafa, wanda saran daji da gobara suka riga suka rage shi. Saboda irin wannan barazana ne yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya na cikinta, ta sanya dangin okid gaba ɗaya cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido, kuma wanda zai shigo da tsiro mai rai daga waje yana bukatar izinin hukumar NAQS, mai kula da killace kayan gona da ke shigowa ƙasa. Matafiyin da ya cusa tsiro a jakarsa daga Dubai ko Bankok ba tare da takarda ba yana iya rasa shi a filin jirgi, ko ya shigo wa gonakin mutane da ƙwarin da ba a san su ba.

Dalilin tsadar okid yana cikin irinsa. Irin kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci a cikinsa irin wanda ƙwayar dawa ko wake ke da shi, don haka a daji ba ya tsirowa sai ya haɗu da wani nau'in funfuna da ke ciyar da shi, al'amarin da Bafaranshe Noël Bernard ya gano a 1899. A 1922 ne Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da irin a cikin kwalba mai ɗauke da sukari da sinadaran abinci, sannan a 1960 Georges Morel na Faransa ya bayyana hanyar ɗaukar ɗan guntun toho a rena shi a kwalba har a sami tsirrai masu ɗimbin yawa masu kama ɗaya. Wannan fasaha ce ta sa manoman Taiwan da Holan suke fitar da miliyoyin tukwane kowace shekara. Abin lura ga mai saye shi ne, tsiron da ke hannunsa ya yi shekaru a gidan gilashi inda ake auna masa zafi da laima da ruwa, bai taɓa ganin ƙurar hunturu ba, kuma duk wanda ya ce zai sayar masa da irin okid a ƙunshi don ya shuka a tukunya, to ya riƙe kuɗinsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Phalaenopsis ya fi son zafin da ke tsakanin digiri 18 da 29 a ma'aunin salshiyas, da laimar iska, wato yawan danshin da iska ke ɗauke da shi, ta kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Idan aka ɗora wannan a kan yanayin Zariya, wanda tashar auna yanayi ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana rubutawa, za a ga inda gizo ke saƙa. Garin yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a waɗannan watanni yanayin ya dace da okid ƙwarai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, sanyin asuba ya sauka zuwa digiri 14 ko ƙasa da haka, sannan a Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 35 alhali iskar ba ta jiƙa ba tukuna. Ke nan kusan rabin shekara tsiron baƙo ne da sai an kare shi, kuma ba za a iya ba shi tsarin kulawa guda tun daga Janairu har Disamba ba.

Wannan ne ya sa zaɓin iri da lokacin saye suke da muhimmanci. Dendrobium da Ansellia suna da kumburarrun karare da suke tara ruwa da abinci a ciki, saboda haka sukan jure fari da hasken rana fiye da Phalaenopsis, wanda ganyensa da saiwarsa kaɗai ne ma'ajiyarsa. Ga wanda zai fara, kuma gidansa ba shi da ɗaki mai sanyi, Dendrobium ya fi sauƙin sha'ani, ko da yake Phalaenopsis ya fi shi daɗewar fure, domin furensa yakan kai wata biyu zuwa uku. Lokacin da ya fi dacewa a saya shi ne bayan damina ta kankama, wajen Yuni ko Yuli, yadda tsiron zai sami watanni na laima ya saba da gidan kafin iskar arewa ta taso. Sayen okid a Maris, komai kyan hotonsa, kasada ce da kuɗi.

Masu sayar da fulawa a gefen titunan Zariya sun fi ajiye shukokin shinge da na inuwa, waɗanda ke jure rana, don haka akasarin okid ɗin da ke shigowa na oda ne, kuma mai saye sau da yawa hoto kawai yake gani. Ya dace ya nemi a turo masa hoton saiwa da na ƙarƙashin ganye, ba na fure kaɗai ba, domin fure shi ne ɓangaren da ya fi iya rufa wa tsiro asiri: okid da saiwarsa ta mutu yana iya ci gaba da riƙe furanni na makonni. Galibi ana sayar da shi a cikin roba mai haske wadda aka zura cikin wata tukunyar ado, kuma da an zaro robar za a ga halin da ake ciki. Saiwa mai lafiya cikakkiya ce mai tauri, bakinta kore, wadda ta mutu kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, kuma idan aka matsa ta sai fatar ta saɓule ta bar zare. Ganye ya kasance mai tauri, ba mai tamoji ba, kuma a leƙa tsakiyar tsiron inda sabon ganye ke fitowa, a tabbatar babu baƙi ko wari. An fi son karan da rabin furanninsa suka buɗe rabi kuma suna dunƙule, saboda wanda ya gama buɗewa ba a san kwana nawa ya rage masa ba. Akwai kuma wanda ake tallarsa da launin shuɗi mai ɗaukar ido, wanda a haƙiƙa farin Phalaenopsis ne da aka yi wa allurar rini a kara, kuma idan ya sake fure fari zai fito. Mai son shuɗin da ba ya canzawa, furen roba na nan jibge a kasuwar Sabon Gari da sauƙin kuɗi.

Ɗauko shi daga tasha ma aiki ne. Tafiyar da ke tsakanin Sabon Gari da Samaru ta Kwangila da hanyar Sakkwato ba ta da nisa, amma iskar da ke bugun fasinja a kan acaɓa ko keke ta isa ta karya kara ta kuma ƙona furanni, haka nan motar da aka kulle a rana takan dafa ganye cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi shi ne a sa tukunyar a kwali mai zurfi, a tokare ta da takarda, a yi tafiyar da safe ko da yamma. Idan an isa gida a cire ledar ado, a tabbatar tukunyar waje ba ta tara ruwa, sannan a ware tsiron daga sauran shukoki na mako biyu zuwa uku don a ga ko ya zo da ƙwari. Ba a gaggauta sauya masa tukunya yana cikin fure, sai fa idan saiwar tana ruɓewa, domin a irin wannan hali ceton tsiron ya fi ceton furen.

Wurin ajiya shi ne inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukan ganye kai tsaye, kamar bakin tagar da ke kallon gabas, wadda ke samun hasken safiya kawai, ko baranda mai labule, ko ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya inda za a rataye tukunyar. Ganyen da ya yi kore mai duhu sosai kuma tsiron ya ƙi fure yana nuna haske ya yi kaɗan, wanda ya fara ja ko rawaya ko ya yi tabon ƙuna kuwa ya sha rana, kuma hanya mai sauƙi ita ce a taɓa ganyen da azahar: idan ya yi ɗumi a hannu, wurin bai dace ba. Dendrobium yana ɗaukar haske fiye da haka, har da ranar hantsi. Akwai wata illa ta cikin gida da ba kasafai ake kawo ta a rai ba, ita ce hayaƙi. Furen okid yana da saurin jin wata iska da ake kira etilin, wadda ke fita daga 'ya'yan itace masu nuna kamar ayaba da mangwaro da tumatir, ake kuma samunta a cikin hayaƙin abin da ke ƙonewa, kuma idan ta same shi sai dunƙulallun furannin su yi rawaya su zube tun ba su buɗe ba. Saboda haka uwargidan da ke turara ɗaki da turaren wuta kullum, ko gidan da ake kunna maganin sauro na hayaƙi, ko inda janareta ke kusa da taga, ko kicin mai risho da gawayi, duk ba mazaunin okid ba ne. A fitar da shi kafin a sa turare, a mayar da shi bayan ɗakin ya sha iska.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Abin da ake zuba wa okid a tukunya ba ƙasa ba ce, tarkace ne mai manyan gutsattsari da ke riƙe tsiron tsaye ya kuma bar iska ta ratsa. A ƙasashen waje ɓawon itace ake amfani da shi, ko wata busasshiyar gansakuka mai riƙe ruwa, amma a Zariya ana iya haɗa mai kyau da abin da ke kusa: gawayin itace da aka farfasa kamar girman goro aka wanke tokarsa, da ɓawon kwakwa mai zare wanda za a nema wurin masu sayar da kwakwa, a yanka shi gunduwa-gunduwa a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwan don gishirin da ke cikinsa ya fita, sai kuma tsingaro a ƙasan tukunya. Gawayi yana saurin bushewa, ɓawon kwakwa yana riƙe danshi, don haka haɗa su rabi da rabi yakan yi daidai da yanayin nan. Takin shanu da kashin kaji da ƙasar bola, waɗanda ke gyara kowace shuka, guba ne ga wannan. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba a lokacin zafi saboda tana zufa tana sanyaya saiwa, kuma ana iya sa maginin tukwane ya huhhuda gefenta tun kafin a gasa. Kada ta yi girma, domin faffaɗar tukunya tana tara danshi a tsakiya inda saiwa ba ta kai ba, kuma kada a girke ta a ƙasa, inda gara za ta shiga ta cinye ɓawon kwakwar.

Ba a ƙayyade wa okid ranar shan ruwa da kalanda. Ana duba saiwar, idan ta koma fari kuma tukunyar ta yi sakayau a hannu, sai a kai shi wurin da ruwa zai iya zuba, a kwarara masa sosai har ya fita ta ƙasa, ko a tsoma tukunyar cikin bokiti na minti goma, sannan a bar ta ta tsane sarai. Da safe ake yi, don ganye ya bushe kafin dare, kuma ana kiyaye kada ruwa ya kwanta a cibiyar Phalaenopsis, domin daga nan ruɓa ke farawa, kuma tsiron da cibiyarsa ta ruɓe da wuya ya tashi. Idan ruwa ya shiga a tsane shi da tsumma mai tsabta. A lokacin rani wannan shayarwa tana iya zama duk bayan kwana biyu ko uku, da damina kuwa mako guda ko fiye. Shawarar nan da ke yawo a intanet ta ɗora ƙanƙara 'yar kaɗan a tukunya sau ɗaya a mako an tsara ta ne don ɗakuna masu sanyi, kuma a watan Afrilun Zariya ba za ta jiƙa ko rabin saiwar ba.

Ruwan sama ne ya fi, kuma wanda ya tara shi a duro mai murfi ya yi wa tsironsa gata. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a randa, na rijiya ko na burtsatse ko na 'yan ga-ruwa kuwa ya danganta da wurin da aka ɗebo shi, kuma alamar wanda gishirinsa ya yi yawa ita ce farin ɓurɓushi a bakin tukunya da ƙonewar bakin saiwa. Game da taki, manomi ya saba da barbaɗa wa masara NPK da yuriya, to amma ƙwaya kaɗan ta irin wannan a tukunyar okid tana ƙona saiwa. Takin ruwa ake amfani da shi, wanda ake narkarwa, a sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalinsa, bayan an riga an jiƙa saiwar, kuma a lokacin da tsiron ke fitar da sabon ganye ko sabuwar saiwa. Sau ɗaya a wata a wanke tukunyar da zallan ruwa don ragowar takin ya fita.

Hunturu shi ne jarrabawa ta farko. Ƙura tana kwanciya a ganye tana tare haske tana toshe ƙananan kafofin numfashi, waɗanda a Phalaenopsis da dare suke buɗewa don tsimin ruwa, saboda haka ana goge ganyen sama da ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kowane mako. Don ƙara laima ana zuba tsakuwa a faranti, a zuba ruwa bai kai saman tsakuwar ba, a ɗora tukunyar a kai yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba, ana kuma sauya ruwan a kai a kai don kada sauro ya yi ƙwai. Tara shukoki wuri guda, ko ajiye tsiron kusa da randa, ko rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren da iska ke shigowa, duk suna taimakawa fiye da fesa ruwa, wanda ke bushewa nan take. A daren da sanyi ya tsananta a shigar da shi ɗaki. Amma hunturu yana da nasa alherin, domin 'yan makonnin sanyi-sanyi su ne ke sa Phalaenopsis ya fitar da sabon karan fure, abin da manoman ƙasashe masu zafi ke kashe kuɗi a kan na'urar sanyaya ɗaki don su samu.

Matsalar ita ce karan da ya fito da hunturu yakan ɗauki kimanin wata uku kafin ya buɗe, don haka furen yakan faɗo cikin bazara. A wannan lokaci ɗakin da ke da rufin kwano ba silin yakan fi waje zafi, kuma gara a mayar da tsiron ɗakin soro ko wani wuri mai inuwa da iska ke ratsawa. Mai na'urar sanyaya ɗaki kada ya sa shi daidai bakin iskarta, kuma ya tuna cewa ɗakin da aka rufe ruf saboda na'ura yakan zama tanda da zarar an ɗauke wuta. Da damina lamarin yakan juye: guguwar farkon ruwa tana iya faɗo da tukunyar da aka rataye, ƙanƙara ta huda ganye, sannan markar Agusta ta hana tukunya bushewa na kwanaki, a nan ne ake matsar da shi ƙarƙashin rufi, a rage shayarwa, a bar iska ta yi aikinta.

Ƙwarin da suka fi addabarsa su ne wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, da wani mai ɓawo da ke manne kamar ƙurji, da kuma wasu 'yan mitsi-mitsi da ke yawaita da rani suna sa ƙarƙashin ganye ya yi fari-fari. Idan an gan su da wuri, auduga da aka tsoma a sifirit ta isa a goge su, ko ruwan sabulu mai sauƙi da ɗan man darbejiya a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda domin ƙwai kan ƙyanƙyashe. Maganin feshin gona mai ƙarfi ba na cikin falo ba ne, musamman a gidan da ke da yara. Kyankyaso da dodon-koɗi suna cin bakin saiwa da dare, akuya kuwa ba ta bukatar fiye da minti guda, don haka rataya tukunya a sama ya fi ajiye ta a dakali.

Bayan furanni sun zube tsiron bai mutu ba, hutawa yake yi. Idan karan Phalaenopsis yana nan kore kuma tsiron yana da ƙarfi, ana iya yanke shi sama da gaɓa ta biyu ko ta uku daga ƙasa, wani lokaci ya fitar da reshe mai 'yan furanni, amma ga tsiron da ya sha wahalar tafiya da sauyin gida, yanke karan daga tushe ya fi, don ya mayar da ƙarfinsa ga ganye da saiwa. Ana yankan da sabuwar reza, a barbaɗa garin kirfa a bakin yankan don ya bushe, ban da kan saiwa. Tsofaffin kararen Dendrobium kuwa ba a yanke su ko da ganyensu ya kaɗe, muddin ba su bushe sun koma holoƙo ba, domin daga cikinsu sabon toho ke cin abinci. Wani lokaci ɗan tsiro yakan fito a jikin kara, kuma ba a cire shi sai saiwoyinsa sun kai tsawon santimita 5, sannan a dasa shi a 'yar ƙaramar tukunya. Sauya tukunya ana yin sa duk shekara ɗaya ko biyu, idan ɓawon kwakwar ya fara ruɓewa ya zama gari, kuma a Zariya lokacinsa shi ne farkon damina, sa'ad da bakin sababbin saiwoyi ya fara leƙowa: a zazzage tsohon tarkacen, a datse matattun saiwoyi, a bar waɗanda suka fito waje a iska yadda suke, a tokare tsiron da ɗan sanda don kada ya riƙa girgiza, sannan a jinkirta ruwa na kwana biyu ko uku har bakin yankan ya warke.